Tabo Biyu a Wuyan Matata

Ni ɗan mahauta ne. Mahaifina fawa ya yi a Gagarawa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma kafin a sa ni a boko na riga na iya riƙe ƙafar akuya ana fiɗa. Na yi karatu, na zama malamin firamare, na bar wuƙa, amma ido da hanci ba su bar ni ba. Ko a cikin miya na ga tsoka ina iya faɗin ta wace gaɓa ce, kuma yankan jiya ce ko na yau. Na fara da wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri a abin da zan faɗa. Ba rashin sani ne ya kai ni ba.

Ba a daɗe da yanke Jihar Jigawa ba aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Gumel. Muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya, ni da matata da 'ya'yanmu. Bayan haihuwarta ta biyu maƙoƙo ya fito mata. Da farko kamar ƙwan zabo yake a gindin wuya, sai ta haɗiyi abu ka ga ya hau ya sauko. Cikin shekara biyu ya kai girman lemo, ya karkata hagu. Sarƙar da na sa mata a lefe ta daina zagaye wuyan, ta cire ta jefa a kwalla.

Ita ba ya yi mata ciwo. Ni yake damu. In ta sunkuyo za ta ajiye mini abinci sai ya ɗan rinjayo gaba, ni kuwa in kafe faranti da ido har ta miƙe. Na daina kallon fuskarta in muna magana, domin ido ba ya tsayawa a fuska, sai ya gangaro. Ban taɓa ce mata komai ba. Amma ta fara yafa mayafi a cikin ɗaki, har a tsakiyar bazara, tana tuƙa tuwo gumi na jiƙa shi.

A gidan akwai wata maƙwabciyarmu, nas ce, Kirista daga wajen Filato, aikin sabuwar jiha ya kawo ta. Kowa Sista yake ce mata. Wata rana da la'asar ta zaunar da matata a kan turmi, ta tattaɓa wuyan, ta sa ta ta haɗiyi ruwa, sannan ta kira ni.

"Malam, wannan ba na shafe-shafe ba ne," in ji ta. "Kano za ku je, babban asibiti. Aiki za a yi a cire."

Na ce, "Aikin yaya ake yin sa?"

Ta ɗora ɗan yatsa a wuyan matata, ta ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. "Nan zuwa nan. A ɗinke. Zai bar tabo, amma za ta huta."

Layin nan da ta ja na gan shi ya fi a ƙirga, a wuyan awaki da tumaki, a bakin kwata. Daidai wurin ne, ko kaɗan bai kauce ba. Na ce mata za mu yi shawara.

Hujjojin da na riƙa bayarwa daga baya masu kyau ne. Na ce ana rasa murya. Na ce wasu ba sa farkawa daga allurar barci. Gaskiyar kuwa ita ce, lokacin da nake koyarwa a Sule Tankarkar na san wata mata da aka yi wa aikin, tabon ya tashi kamar an naɗa mata igiya. Yara suna bin ta suna cewa an yanka ta ba ta mutu ba, kuma akwai ranar da ni ma na yi dariya. Ban so in zama mijin irin wannan matar ba. Na kuma san abin da abokan wasa za su ce: ɗan mahauci ya gwada wuƙa a gida. Ina ƙyamar kumburin, ina ƙyamar tabon, a haka na bar ta a tsakiya wata da watanni.

Wani direba abokina, mai jigila tsakanin Gumel da Maigatari, shi ya kawo mini labarin. Ya ce akwai wani dokta da ke zuwa ranar kasuwa, yana cire maƙoƙo ba yanka ba ɗinki. 'Yar ƙofa yake yi kamar ta shigar allura, ya zura roba, ya zuƙo ciwon. Ya ce da idonsa ya ga abin da aka ciro wa wata Bafulatana. Ban tambaye shi ko ya ga wuyan Bafulatanar bayan wata guda ba. Labarin ya yi mini daɗi ƙwarai. Na faɗa a ofishin malamai, na faɗa a majalisa. Da Sista ta ce, "Malam, ban taɓa jin wannan ba, kuma na haura shekara goma ina aikin nan," sai na ce mata ilimi kogi ne, ba a asibitin gwamnati kaɗai ya tsaya ba.

Matata ta tambaye ni abu ɗaya: "Kai ka yarda da shi?"

Na ce na yarda.

"To mu je," in ji ta.

Ranar Alhamis muka tafi, direban ya raka mu. Ɗakin yana bayan kara, inda ake cinikin shanu da raƙuma, a cikin wani lungu da fitsarin dabbobi ya mai da ƙasarsa caɓi. Mata biyar ko shida suna zaune a tabarma a ƙofa, kowacce ta ja mayafi har haɓa. Ƙudajen da ke tashi daga kashin shanu su ne ke shiga ɗakin su fito.

Mutumin ya tarbe mu da fara'a. Farar riga irin ta likitoci ya sa, wuyanta ya yi baƙi da dauɗa, ya rataya abin sauraren ƙirji wanda har muka bar wurin bai taɓa sa shi a kunne ba. Yana magana yana cusa kalmomin Faransanci, ko da yake ba wanda ya san daga ina yake; direban ya ce wasu na cewa ɗan Kano ne. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya ce, "Bismillah, Mushe, shigo." Haka mutanen tsallaken iyaka ke kiran malamin boko, na sani. Amma a gidanmu mushe shi ne abin da ake ja a jefar wa ungulu.

A kan wani katako ya jera kwalabe, kowacce da wani dunƙule mai toka-toka a cikin ruwa gurɓatacce. Ya ce duk maƙoƙo ne, ya faɗi garin da mai kowanne ta fito. Ya yi ta zuba, bakinsa bai huta ba. Sai ya ce bari ya shiga ya yi addu'a, ya shige bayan labule. Da ya fito bai ƙara cewa uffan ba. Da hannu ya nuna wa matata benci ta kwanta, da hannu ya nuna mini inda zan tsaya. Na ɗauka natsuwar aiki ce.

Ya tsamo wata siririyar roba, irin ta ƙarin ruwa, daga cikin bokitin da ke ƙarƙashin bencin. Ruwan bokitin ja-ja ne, akwai mataccen ƙuda yana yawo a kai. Ya yarfe ta sau biyu. Ya ɗauki reza daga aljihun gaba, ba a takardarta ba, ya tsaga fatar a ƙasan kumburin, tsawon ƙumba. Matata ta damƙe gefen rigata, ba ta yi ƙara ba. Ya tura bakin robar a ƙarƙashin fata, yana murzawa, jini na gangarowa bayan kunnenta yana shiga kitso. Sannan ya sa ɗaya bakin a nasa bakin ya fara zuƙa. Kumatunsa suka loɓa. Ina jin sautin, irin na mai shan ragowar koko a ƙasan kwano. Gumin goshinsa yana ɗiga a ƙirjinta.

Can sai ya zare robar, ya sunkuya kan wata tasa, ya yi kaki, ya tofar. Wani abu ya faɗa da nauyi, haɗe da yawu da jini. Ya sa yatsu biyu ya ɗago shi sama.

"Ga uwar ciwon," in ji shi, bakinsa ya dawo. "Sauran kumburin iska ne da ruwa. Kwana arba'in zai sace."

Kallo ɗaya na yi masa. Saifar akuya ce. Gefenta biyu a miƙe suke, yankan wuƙa, kuma ta yi duhun naman da ya kwana. Har 'yar farar tantanin nan tana jikinta. Abin da ya fi girman babban yatsa, ta yaya zai bi ta robar da ko ƙwayar gero sai da dabara? A kumatunsa yake tun daga bayan labule, shi ya sa ya yi shiru. Na san wannan duka kafin ya gama rufe baki.

Matan ƙofa suka leƙo suna salati. Matata ta ɗago kai ta dubi tasar, ta dube ni, hawaye na zuba. "Malam, ka gani?"

Na ce, "Na gani."

Ban ƙara komai ba. Ni na kawo ta. Ni na cika baki a ofishin malamai, ni na gaya wa Sista ilimi kogi ne. In na buɗe baki a wurin, na tona wa kaina asiri a gaban mata shida da direba. Na tsaya ina kallo ya kwaɓa wani baƙin abu mai kama da kwalta ya liƙe ciwon, ya ɗaure da tsumma, ya ce kada a kwance sai bayan kwana bakwai, kada ruwa ya taɓa. Na sallame shi. Na miƙa masa hannu, na kama hannun nan da ya ɗago saifar da shi, na ce Allah Ya saka da alheri. Da bakina na faɗa.

Ya zuba mana abin a gwangwanin madara, ya ce a binne shi inda ba a takawa. A cinyata na riƙe shi a mota har Gumel, rana na dukan sa ta taga. Na binne shi a bayan katanga. Kashegari na tarar kyanwa ta tone.

A kwana na uku zazzaɓi ya rufe ta. A na huɗu wuyan ya kumbura har haɓa, ya yi ja, yana sheƙi. Ta kasa juya kai. Na sayo mata ƙwayar zazzaɓi a kanti, na ce ai ya faɗa sai an kwana bakwai. Na san ƙarya ce, amma ina lissafin kwanakin kamar gaskiya, ina fata abin ya lafa da kansa ba wanda ya ji. A na biyar ɗakin ya fara wari. Na san warin. Shi ne na kayan cikin da aka manta a buhu.

Sista ce ta ji shi tana wucewa za ta shanya. Ba ta yi sallama ba ta ɗaga labule. Ta dubi matata, ta koma ɗakinta ta ɗauko almakashi da auduga da ruwan wanke ciwo. Ta miƙo mini kwano.

"Riƙe nan. Kada ka kau da kai."

Da ta yanke tsumman, baƙin abin ya ɓantaro tare da fata. Mugunya ta tsarto, ruwan ɗorawa da kore-kore, ta cika rabin kwanon, ta zubo mini a yatsu da ɗuminta. Sista tana matsawa tana fitowa. Matata ta ciji gefen zani. Ni da na girma a cikin jini da tumbi, sai ga shi ina neman kau da kai, na daure saboda Sista tana kallona.

Da ta gama ta wanke hannu a tsakar gida, ta ce a hankali yadda matata ba za ta ji ba, "Malam, kai fa kake koya wa 'ya'yan mutane tsafta." Ta sa muka kai ta asibiti a ranar, aka rubuta allurai, ita ta riƙa yi mata safe da yamma. Kullum ta zo wankin ciwon ni ke riƙe kwano. Ta ce da mun cika kwana bakwai ɗin nan, da wani zancen ake yi.

Sai da ciwon ya fara kamewa na iya faɗa. Da rana ne, yara sun tafi Islamiyya, tana zaune tana tsince shinkafa. Na zauna a bakin ƙofa na ce, "Abin nan da ya ciro, ba daga jikinki ya fito ba. Saifar akuya ce. Tun a wurin na gane."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar ta.

"Na sani," in ji ta. "Ba a wurin ba. A mota, da gwangwanin ya yi zafi, na ji ƙarnin. Shekara nawa ina wanke kayan cikin da Baba ke aiko mana?"

"To me ya hana ki faɗa?"

"Kai me ya hana ka?"

Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tara a tafin hannu.

"Ranar nan da na tambaye ka ko ka gani, a fuska ka dube ni," in ji ta. "Na manta rabon da ka yi haka. Sai na ce bari in yi shiru, kallon nan ya kwana biyu."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tashi na fita, na yi ta tafiya har bayan gari, ina jin kamar in tuɓe fatar jikina in yar.

Maƙoƙon bai sace ba, ba sai an faɗa ba. Bayan shekara guda da wani abu ya fara danne mata numfashi in ta kwanta rigingine, sai ta tara matasai ta jingina. Wannan karon ba ta nemi shawarata ba. Ta ce, "Kano zan je. In za ka raka ni, to. In ba za ka ba, yayana zai kai ni." Na ce zan raka ta. Sista ta karɓo mana takardar zuwa asibitin Kano.

Likitan da ya duba ta matashi ne, mai sanyin magana. Ya ga baƙin tabon da ke ƙasan kumburin ya tambayi abin da ya faru. Matata ta dube ni. Na ba shi labarin duka, har robar da bokitin. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce abin mamaki shi ne kwanan nan ya karanta cewa a ƙasashen waje an fara gwada cire irin wannan ta 'yan ƙananan ƙofofi, da siririn bututu mai fitila da kyamara a bakinsa, likita na kallon cikin wuyan a talabijin, don kada a bar dogon tabo.

"Amma a ɗakin tiyata ake yi, mutum na barci, da kayan da aka dafa," in ji shi. "Mu nan ba mu da shi tukuna. Wuƙa muke da ita. Sai dai tamu wankakkiya ce."

Ban sani ba ko mutumin Maigatari ya taɓa jin ƙishin-ƙishin ɗin wannan ko shaci-faɗi ne kawai ya yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ashe akwai masu ɓata shekaru suna neman hanyar da mace za ta rabu da ciwon nan wuyanta lafiya, ga wani kuma yana sayar da sunan abin da saifa a kumatu. Kuma ni ne mai sayen.

An yi aikin da safe. Bayan azahar wata nas ta fito da tasar ƙarfe ta ce ko ina so in ga abin da aka cire. Na duba da kyau. Ja ne, ɓari biyu, ɗaya ya fi ɗaya, da ƙulli-ƙulli a jiki. Ban san shi a jikin kowace dabba ba. Na ce mata na gode.

Da aka kwance bandejin, layin yana nan inda Sista ta ja da yatsa, ja wur, da baƙin zare. Na dube shi, domin ta kafe ni da ido tana jira ta ga ko zan duba. Muryarta ta dushe wata biyu sannan ta dawo. Aka ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum da safe. Kafin shekara ta zagayo layin ya dusashe, ya shige cikin ninkin wuya, sai wanda ya sani yake lura. Tabon rezar nan kuwa, wanda aka ce ba zai fi ƙofar allura ba, shi ya tashi ya yi tudu, baƙi, kamar an manna mata dabino. In zafi ya yi yana mata ƙaiƙayi. Shi mutane ke tambaya.

Na koma Maigatari sau ɗaya saboda mutumin. Yana nan a lungun, har ya yi sabon babur, matan ƙofa sun fi na da yawa. Na ja wani magidanci gefe, wanda ya kawo matarsa, na gaya masa abin da na gani da abin da ya biyo baya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, kowa da jininsa. Naku ne bai karɓa ba. Ni dai ba za a yanka mini mata kamar akuya ba." Na dube shi, na ji kamar muryata ce ke fitowa daga bakinsa. Na ɗaga murya na faɗa wa matan cewa nama yake ɓoyewa a baki. Biyu suka tashi. Sauran suka gyara mayafi suka juya mini baya, mai ɗakin kuma ya leƙo ya ce a yi mini uzuri, hassada ciwo ce. Daga baya direban ya ce mini mutumin ya daina zuwa, an ce ya koma wata kasuwar.

A gida ba a sake tayar da zancen ba. Ta ci gaba da yi mini duk abin da ta saba. Abu ɗaya ne ya canja. In yaro ya kwana da zazzaɓi, ko ya yanke, ko ya fara gudawa, ƙofar Sista take fara ƙwanƙwasawa. Sai sun gama shawara, an ba da magani ko an tafi asibiti an dawo, sannan ta gaya mini. Haka aka yi har muka bar gidan hayar nan, kuma ban taɓa cewa don me ba.